Waye ainihin mijin Pocahontas, kuma da gaske zuriyarsu na nan har yau?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Yarana suna yawan kallon katun ɗin nan na Pocahontas, ni duk zatona John Smith ta aura, sai ga babbar 'yata ta dawo daga makaranta tace wai malaminsu yace ba haka bane, wani John Rolfe ne mijinta kuma wai har yau akwai jikokinsu a Amurka. Don Allah waye shi wannan mutumin, kuma maganar jikokin gaskiya ce?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Malamin 'yarki ya faɗi gaskiya, kice ina gaishe shi. Shi John Smith bari mu sallame shi tun daga bakin ƙofa. Lokacin da Turawan Ingila suka sauka Jamestown, a yankin Virginia na Amurka ta yau, a watan Mayun 1607, su 104 maza zalla, ita Pocahontas yarinya ce 'yar shekara 10 zuwa 11, shi kuwa Smith yana da 27, ba soyayya tsakaninsu balle aure. A Oktoban 1609 ya koma Ingila jinya bayan jakar albarushi ta kama da wuta a jikinsa, bai ƙara taka Virginia ba. Shi kuma Rolfe bai iso ba sai Mayun 1610, kinga ko haɗuwa basu yi a can ba.

Toh amma kafin in shiga labarin Rolfe akwai abu ɗaya da nake son ki riƙe, don in ba'a gane shi ba sauran labarin zai zama tatsuniya kawai. Mu mulkin mallakar da muka sani a nan shine Bature yazo ya zama D.O. ko Razdan, ya karɓi haraji, wa'adinsa ya cika ya ɗaure akwatinsa ya tafi gida. Can ba haka bane, waɗancan 'yan kama wuri zauna ne, sun zo ne da niyyar ƙasar ta zama tasu da ta 'ya'yansu, kuma wanda yake son gonarka ya fi wanda yake son harajinka haɗari. Ba ma gwamnati ce ta turo su ba, kamfani ne, Virginia Company na Landan, 'yan kasuwa suka zuba hannun jari Sarki James na ɗaya ya basu takardar izini a 1606, kamar dai yadda kamfanin Royal Niger ya riga gwamnatin Ingila shigowa ƙasar nan. Riba suke nema. Shekara biyar ana zuba kuɗi ana zuba mutane, kuɗin na narkewa mutanen na mutuwa, sai wannan bawan Allah Rolfe ya samo musu abin sayarwa.

Asalinsa ana danganta shi da wani ƙauye da ake kira Heacham a yankin Norfolk, gabashin Ingila, inda rajistar coci ta nuna an yiwa wani jariri mai wannan sunan baftisma a Mayun 1585. Masu bin nasaba suna ɗan jayayya kan ko shi ɗin ne, amma mutanen ƙauyen sun riga sun rungume shi, har hoton Pocahontas ne a allon sunan garin. Ba ɗan sarauta bane, ba kuma faƙiri bane, irin 'ya'yan masu rufin asiri ne da suka yi karatu suka iya rubutu amma ba wani gadon kirki dake jiransu a gida.

A Yunin 1609 shi da matarsa ta fari suka shiga jirgin ruwa mai suna Sea Venture, babban jirgi a ayarin jirage 9 da kamfanin ya tura, kuma a cikinsa manyan tafiyar suke, Sir Thomas Gates da zai zama gwamna da Sir George Somers shugaban ayarin. Ƙarshen Yuli guguwa ta same su a tsakiyar teku ta raba su da sauran, jirgi ya fara shan ruwa, kwana uku maza suna kwalfa dare da rana har suka fidda rai, sai ga ƙasa. Somers ya kai jirgin ya cusa shi tsakanin duwatsun bakin tsibirin Bermuda da gangan, mutum wajen 150 duk suka fita da rai. Tsibirin ba kowa a cikinsa, matuƙan jirgi ma tsoronsa suke suna ce masa tsibirin shaiɗanu, amma sai suka tarar da aladun daji da kunkurun ruwa da tsuntsaye da kifi, abinci har ya ishe su. Wajen wata goma suka yi a nan suna sassaƙa ƙananan jirage biyu da katakon tsibirin da ragowar tsohon jirgin. A nan matar Rolfe ta haihu a Fabrairun 1610, 'ya mace, aka sa mata suna Bermuda. Jaririyar bata yi kwana da yawa ba ta koma, uwar ma ba'a jima ba ta bi ta. Wato mutumin ya fara sabuwar rayuwarsa a Virginia ba mata ba 'ya.

Abin da suka tarar a Jamestown kuwa sai innalillahi. Hunturun 1609 zuwa 1610 shine Turawan suke kira lokacin yunwa, fari ne mai tsanani ya kama ƙasar shekaru a jere, su kansu masu ƙasar hatsinsu bai ishe su ba, ga baƙin nan sun mayar da ƙwace abinci da bakin bindiga sana'a, sai sarkin ƙasar ya sa aka yi musu ƙawanya, duk wanda ya leƙo wajen ganuwa kibiya ce. Suka cinye dawakai, suka cinye karnuka da kyanwoyi da ɓeraye, suka dafa fatar takalmi, ƙarshe har gawa. Da can wasu na cewa ƙari ne irin na masu labari, sai a 2013 masu tonon tarihi suka nuna ƙwarangwal ɗin kan wata yarinya 'yar wajen shekara 14 da aka tono a wurin, da sawun wuƙa a jiki. Mutum 60 kacal aka samu da rai a cikin ganuwar. Gates ya duba yaga ba zama, a Yuni ya kwashe kowa aka bar garin, suna gangarawa kogi zasu fita teku sai suka ci karo da saƙon cewa sabon gwamna Lord De La Warr ya iso da jirage da abinci da sabbin mutane, dole aka juyo. Da an samu saɓanin kwana biyu da yanzu wani labarin muke yi.

Yanzu ga maganar taba, kuma wallahi a wajena nan ne ainihin tarihin Rolfe yake, auren ma bayanta yake bi. Kamfani ya gwada neman zinariya babu, ya gwada gilashi, ya gwada kwalta da katako, duk ba riba. A lokacin kuwa mutanen Ingila sun kamu da shan taba a lofe, kuma mai daɗin daga hannun Sifaniyawa take zuwa daga yankin Karebiyan da tsada. Su mutanen Virginia na asali suna da tabarsu amma mai ƙarfi ce tana ƙona maƙogwaro, Bature bai sonta. Rolfe mashayin taba ne shi kansa, sai ya samo irin waccan mai laushin ta wajen Trinidad da kogin Orinoco, ya gwada shukawa a 1612, ƙasa ta karɓa. A 1614 aka tura gangunan farko Landan. Zuwa 1617 abin da aka fitar ya kai laba 20,000, wajen tan 9 kenan, shekarar da ta biyo ya ninka. Abin dariya shi Sarki James ya tsani taba, tun 1604 ya rubuta ƙasida guda yana zaginta yana cewa tana cutar ƙwaƙwalwa da huhu, amma da kuɗin kwastan ya fara shigowa sai akaji shiru.

Ki ajiye tabar a gefe zamu dawo mata. Ita Pocahontas sunan wasa ne, kamar ace 'yar ƙiriniya, sunayenta na gaske Amonute da Matoaka. Mahaifinta Wahunsenacawh, wanda Turawa ke kira Powhatan, yana mulkin ƙabilu wajen 30. Kalmar gimbiya da ake liƙa mata Turawa ne suka liƙa don talla, su a al'adarsu sarauta ta wajen uwa take bi, daga sarki sai 'yan'uwansa maza sai 'yan'uwansa mata da 'ya'yansu, 'yar sarki bata gado. Kuma tun kafin Rolfe tana da miji a cikin mutanenta, sunansa Kocoum, wani marubucin Turawan ma ya ambace shi.

A Afrilun 1613 ana tsakiyar yaƙi, wani kyaftin Samuel Argall yaji labarin tana zaune wajen ƙabilar Patawomeck, sai ya haɗa baki da wani basarake na wurin da matarsa suka yaudare ta ta shiga jirgi wai kallo, aka hana ta fita. Ladan da aka basu tukunyar jan ƙarfe ce da 'yan tarkace. Mu da muke zamanin nan bamu buƙatar a fassara mana wannan, kidinafin ne, garkuwa da mutum don kuɗin fansa, abin da aka nema kuwa fursunonin Turawa da bindigogi da kayan aiki da masara. Uban ya sako mutum bakwai da wasu lalatattun bindigogi ya tsaya a nan. Ita kuma aka kaita sabon garin Henricus hannun wani limamin coci Alexander Whitaker yana koya mata Turanci da addinin Kirista, shekara guda cur tana tsare. A nan Rolfe ya ganta.

Akwai wasiƙar da ya rubutawa gwamna Sir Thomas Dale yana neman izinin aurenta, tana nan har yau, kuma duk sanda na karanta ta sai na rasa dariya zanyi ko tausayi. Mutum ne so ya kama shi yana jin kunyar faɗa. Ya rantse ya maya cewa ba sha'awa ce ta ja shi ba, wai don amfanin mazaunin ne da martabar ƙasarsu da ɗaukakar Ubangiji da ceton ran yarinyar, a cikin wasiƙar dai kuma ya amsa cewa zuciyarsa ta daɗe a sarƙe da tunaninta ya rasa hanyar fita, sannan ya juyo yana kiran tarbiyyarta ta jahilci, ɗabi'unta na dabbanci, tsatsonta la'ananne. Matar da zai aura fa kenan. Ita kuma me ke ranta, bata bar rubutu ko layi ɗaya ba, duk abin da aka ce ta faɗa daga bakin mazan Turawa ya fito. Dale ya rubuta cewa da ya kaita wajen mutanenta da sojoji a Maris 1614 tace in da ubanta na sonta da bai fifita tsofaffin takubba da gatura a kanta ba, don haka zata zauna da Turawa. Tarihin baka na ƙabilar Mattaponi, ɗaya daga cikin ƙabilun mahaifinta, kuwa daban yake bada labarin, suna cewa an kashe Kocoum, an raba ta da ɗanta na fari, an ci zarafinta a tsare, auren kuma ba yadda zata yi ne. Ni dai abin da zan ce, yarinya 'yar shekara 17 ko 18 da take hannun waɗanda suka sace ta, amincewarta ba irin amincewar da ake tambayar budurwa a ɗakin uwarta bace, ko da kuwa daga baya ta saba da mijin.

Aka yi mata baftisma aka sa mata Rebecca, aka ɗaura aure farkon Afrilun 1614 a cocin Jamestown. Uban bai zo ba amma ya turo wani dattijo cikin danginta da 'yan'uwanta maza biyu, alamar ya yarda kenan. A 2010 masu tono suka gano ramukan ginshiƙan wannan cocin. Auren ya kawo zaman lafiya na wajen shekara 8. Dale ma da yaga abin yayi kyau sai ya aika a nemo masa ƙanwarta, alhali yana da mata a Ingila kuma addininsa bai yarda da biyu ba, tsohon yace a'a, ɗaya ta isa.

Suka haifi ɗa namiji, Thomas, a 1615. A 1616 kamfani ya kwashe su zuwa Ingila, kuma kar ki ɗauka yawon amarci ne, talla ce, ana so masu kuɗi su ga cewa ga 'yar sarkin daji ta zama Kirista ta sa kayan Turawa, ku ƙaro jari. Sun tafi da mutanenta wajen goma sha, cikinsu akwai wani malamin addininsu Uttamatomakkin da Powhatan ya bashi aikin ƙirgo mutanen Ingila, ya ɗauki sanda yana yi mata tsaga duk mutum ɗaya, suna sauka Plymouth ba'a jima ba ya jefar da sandar. An kaita fada a Janairun 1617 ta kalli wasa a gaban Sarki James, an zana hotonta, wanda shine kaɗai aka yi tana raye. Ta kuma haɗu da John Smith a Brentford, shi da kansa ya rubuta cewa juya masa baya tayi ta daɗe bata ce uffan ba, da ta buɗe baki kuma tace an gaya musu ya mutu, kuma mutanenku akwai ƙarya.

A Maris 1617 suka kama hanyar komawa, jirgi bai ma fita daga kogin Thames ba ciwo ya kwantar da ita, aka sauke ta a Gravesend ta cika a nan tana da wajen shekara 20 ko 21. An binne ta ranar 21 ga Maris a cocin St George, cocin ya ƙone a 1727 aka sake gini, kabarin ya ɓace. Mattaponi suna cewa guba aka bata. Rolfe ya rubuta cewa maganarta ta ƙarshe ita ce kowa zai mutu, ya isa tunda ɗanta na raye. Shi ma yaron ba lafiya, da suka tsaya Plymouth sai uban ya bar shi hannun wani Sir Lewis Stukley kafin baffansa Henry Rolfe ya karɓe shi ya riƙe. Yaro ɗan shekara biyu. Basu sake ganin juna ba har abada.

Toh dawo kan taba. Da jirginsu ya isa Jamestown a 1617 sun tarar gidaje sun zube saura biyar ko shida, coci ya lalace, amma kasuwa da tituna duk an shuke su da taba. Tun kafin nan ma dole sai da hukuma ta kafa doka cewa sai ka shuka eka biyu ta masara kafin ka taɓa taba, don mutane sun gwammace su shuka kuɗi su ƙwaci abinci wajen masu ƙasa. A 1619 majalisarsu ta farko ta yanke farashi, mai kyau sule 3 laba ɗaya, mai bi mata sule da sisi. Taba ta zama ita ce kuɗin ma, har matan da kamfani ya kawo don aure, mai so sai ya biya laba 120 kuɗin jirginta, daga baya ya koma 150.

Ita kuma taba, duk wanda ya taɓa nomanta ya sani, abu biyu take ci, ƙasa da mutane. Shekara uku zuwa huɗu ta tsotse gona sai ka sari sabon daji, dajin nan kuwa gonakin wasu ne da wurin farautarsu. Ga aiki, a yi reno a dasa a yi huɗa a karye kai a cire 'ya'ya a tsince tsutsa da hannu ganye bayan ganye a yanka a shanya, shekara guda ba hutu. Sai kamfani ya fito da tsari a 1618, duk wanda ya biya kuɗin jirgin mutum ɗaya a bashi eka 50, masu hali suka dinga kwaso talakawan Ingila 'yan ƙwadago na wa'adin shekaru, da yawansu basa kai ƙarshen wa'adin, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Rolfe a lokacin shine magatakardan mazaunin, daga baya ɗan majalisar gwamna, kuma a wasiƙarsa ce zuwa ga shugaban kamfanin Sir Edwin Sandys aka samu layin nan da duk mai karatun tarihin bauta a Amurka ya haddace, cewa ƙarshen Agustan 1619 wani jirgi ya tsaya a Point Comfort a gaɓar Virginia bai kawo komai ba sai baƙaƙen fata ashirin da 'yan kai, aka saye su da abinci. Mutanen Ndongo ne a Angola ta yau, an ɗebo su a jirgin bayi na Fotugal za'a kaisu Veracruz a Meziko ta yau, 'yan fashin teku suka tare jirgin suka kwashe su. Ya rubuta abin ne a tsakiyar wasu labarai kamar yana lissafin kaya. Bance shi ya ƙirƙiro bauta ba, amma irin da ya shuka ne ya buɗe kasuwar da ta haɗiye su da dubban ɗaruruwan da suka biyo baya.

Abin ma ya shigo har cikin gidan surukansa. Ya sake aure na uku wajen 1619, Jane Pierce 'yar kyaftin William Pierce, suka haifi 'ya Elizabeth. A ƙidayar da aka yi a 1625 an rubuta wata mata 'yar Afirka mai suna Angela a gidan shi wannan William Pierce ɗin, cikin waɗanda aka kawo a 1619 take.

Powhatan ya rasu a 1618, iko ya koma hannun ɗan'uwansa Opechancanough, shi kuma ya daɗe da gane cewa mutanen nan ba tafiya zasu yi ba. Ranar 22 ga Maris 1622 da safe mutanensa suka shiga gidajen Turawa kamar kullum kamar masu kawo kayan sayarwa, suka ɗauki makaman masu gidan suka far musu, mutum 347 a rana ɗaya, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na duk Turawan Virginia. A shekarar Rolfe ya mutu yana da wajen 37. Da yawa suna rubuta cewa a harin aka kashe shi don labarin ya fi daɗi a haka, amma wasiyyarsa ta 10 ga Maris ce, kwana 12 kafin harin, kuma a ciki ya faɗa cewa yana kwance ba lafiya. Ramuwar Turawa kuwa ba'a magana, a 1623 har taron sulhu suka kira suka zuba guba a giya. A 1624 Sarki James ya ƙwace mazaunin daga hannun kamfani.

Yanzu maganar jikoki. Eh gaskiya ne, amma da ƙyar zuriyar ta tsallake, sau uku tana rataye a kan mutum ɗaya. Thomas ya girma a Ingila Bature sak, ya dawo Virginia wajen 1635 ya karɓi gadon filaye ya shiga noman taba. A 1641 sai da ya nemi izinin gwamna kafin yaje ya ga innarsa, wadda Turawa suka rubuta sunanta Cleopatra, da shi Opechancanough. Ki duba fa, izini don ya gaida dangin uwarsa. Shekara uku bayan nan tsohon ya sake kai hari a 1644, aka kama shi a 1646 ya tsufa tukuf ko tafiya baya iyawa, wani mai gadi ya harbe shi ta baya a Jamestown. A wannan shekarar aka ba Laftanar Thomas Rolfe riƙon wani sansani a kogin Chickahominy da eka 400, aikinsa tsare iyaka daga dangin uwarsa. Ya zaɓi ɓangare, ko ince an zaɓa masa tun yana ɗan shekara biyu a Plymouth.

Thomas ya bar 'ya ɗaya, Jane Rolfe. Ta auri Kanar Robert Bolling a 1675, ta haifi ɗa ɗaya John Bolling a 1676 ta rasu a shekarar. Sai a kan shi John ɗin ne abin ya buɗe, ya auri Mary Kennon suka haifi shida, namiji ɗaya mata biyar, suka shiga manyan gidajen masu gonakin taba da bayi irin su Randolph, daga nan zuriya ta bazu dubbai. Shi Robert Bolling ya sake aure ya haifi wasu 'ya'yan, shi yasa ake raba su, jajayen Bolling sune na tsatson Pocahontas, fararen Bolling na matar ta biyu. Don haka duk Ba'amurken da yace miki shi jikanta ne, kuma suna da yawa masu faɗa, tambayar ɗaya ce, ta wanne cikin shidan nan ka biyo. Da yawa a nan suke maƙalewa, ga shi takardun wasu gundumomin Virginia sun ƙone a Richmond a 1865 ƙarshen yaƙin basasa, sai kowa ya samu wurin cusa sunan kakansa. Cikin na gaskiya akwai ɗan siyasar nan John Randolph na Roanoke, akwai Edith Bolling matar shugaban ƙasa Woodrow Wilson ta biyu, wadda bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki a 1919 sai ta hannunta ake ganinsa ko a kai masa takarda. Ita kuwa Elizabeth 'yar matar ta uku, jinin Rolfe ce ita ma amma ba mai rububinta, kinga ba Rolfe ake nema ba.

Abin da ya fi bani haushi a duk labarin shine wannan. Tun 1691 Virginia ta haramta auren Bature da baƙar fata ko ɗan asalin ƙasa, wato irin auren da ya cece su. A 1924 suka yi sabuwar doka ta tsarkin launin fata, kowa dole a rubuta shi ko fari ko mai launi, ɗigon jinin da ba na Bature ba ya fitar da kai daga fari. Sai manyan gidaje suka farga ai su ne suke ta alfaharin jinin Pocahontas shekara da shekaru, dokar zata hau kansu. Sai aka saka togaciya, wanda jinin 'yan asalin ƙasa a jikinsa bai wuce kashi 1 cikin 16 ba fari ne. Yi lissafi ki gani, Thomas rabi, Jane 1 cikin 4, John Bolling 1 cikin 8, 'ya'yansa shida 1 cikin 16 cif, duk wanda ya biyo bayansu ya haye. Har sunan Pocahontas ake kiran togaciyar da shi. Su kuwa ainihin mutanenta da suke raye a gefen kogunan nan, wani likita Walter Plecker da ya riƙe ofishin rajistar haihuwa da mutuwa daga 1912 zuwa 1946 ya dage cewa babu sauran su a jihar, ya dinga sa a canza musu takardun haihuwa ana goge asalinsu. An ci moriyar ganga kenan. Sai 1967 kotun ƙoli ta rushe haramcin auren a shari'ar Loving, ita ma daga Virginia ta taso.

Ɓarnar takardun nan ce ta sa ƙabilun suka sha wahala wajen tabbatar wa gwamnatin tarayya cewa su ɗin ne, Pamunkey, ƙabilar su Opechancanough, sai 2016 amincewar ta tabbata, wasu shida kuma sai 2018. Ki gayawa 'yarki suna nan, Pamunkey da Mattaponi har yau suna kan ɗan filin da yarjejeniyoyin 1646 da 1677 suka bar musu, kuma duk shekara a watan Nuwamba sarakunansu suna ɗauko barewa su kaiwa gwamnan Virginia har ƙofar gidansa a Richmond a matsayin harajin filin.